Ba Sani Ba Sabo: Yadda Na Horar Da Turawa

Ra'ayina a kan 'yan ƙwallon Turai bai taɓa canzawa ba, kuma duk wanda tsautsayi ya taɓa zaunar da shi kusa da ni a gidan kallo ya haddace shi: yaran nan hutu ne ya yi musu yawa. Mutum a mako guda ana ba shi kuɗin da zai aurar da 'yan matan layinmu kaf har da kayan ɗaki, amma da an ɗan goge shi sai ya zube yana birgima, gobe ka ji a rediyo wai tsokar bayan cinya ce, sai nan da mako shida. Mu da muka taso muna buga ƙwallo a filin firamare, ƙafa ba takalmi, ƙasa tsakuwa, sama rana, wa ya taɓa jin ɗayanmu ya yi ciwon tsokar bayan cinya? Ko mu ba a halicce mu da ita ba ne? Kocinmu na unguwa, Allah ya jiƙansa da rahama, magani ɗaya gare shi ga kowace cuta, shi ne zagaye fili. Ka makara, zagaye. Ka ɓarar da ƙwallo a gaban raga, zagaye. Aka ci mu, kowa ya zagaye. Muka ci, nan ma zagaye, don kada kai ya kumbura. Ba mu taɓa ɗaukar kofi ba, wannan gaskiya ne, amma ba mu san ƙofar asibiti ba.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a shi ne ya fara gajiya da wannan huɗubar. Wani hutu da ya zo, ya karɓi kwamfutata ta tafi-da-gidanka wadda nake lissafin shago da ita, ya yi 'yan danne-dannensa, ya miƙo min.

"Kawu, ga fili ga mai doki. Na sa maka Football Manager 2024. Ka ɗauki ƙungiya ka nuna musu yadda ake yi."

Ga wanda bai sani ba, wannan ba irin wasan da yara ke yi a shagon gem ba ne, inda ake riƙe da na'ura ana sa ɗan wasa gudu da yanka. A nan ko sau ɗaya ba za ka taɓa ƙwallo ba. Kai ne manaja: ka sayi 'yan wasa, ka sayar, ka tsara dabara, ka amsa tambayoyin 'yan jarida, ka yi rigima da masu ƙungiya a kan kuɗi, sannan ranar wasa ka zauna kana kallo hawan jininka na tashi. Wasu 'yan'uwa biyu Turawan Ingila, Paul da Oliver Collyer, su ne suka ƙirƙiro shi a ɗakin kwanansu, ya fito a 1992 da sunan Championship Manager. Kamfaninsu Sports Interactive yana Landan, kuma tun 2004 wasan ya koma fitowa da sunan da yake da shi yanzu, a ƙarƙashin Sega. Tsofaffin hannu har gobe suna ba da labarin fitowar kakar 2001/02, wadda a cikinta ake ɗaukar Taribo West kyauta a kafa shi a baya, a sayo Julius Aghahowa daga Shakhtar ya yi ta zazzaga ƙwallaye. Kowane ɗan wasa an auna masa komai daga 1 zuwa 20: gudu, ƙarfi, juriya, bugun kai, natsuwa, har da himma. Bayanan sun kai matsayin da a 2008 ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniya don ta riƙa duba su wajen neman 'yan wasa. Wannan maganar ta Everton na riƙe ta da kyau, domin ita nake karanta wa maiɗakina duk sanda ta leƙo ta ce, "Wai har yanzu wasan yaran nan kake yi?"

Kano Pillars na so ɗauka, sai Masu Gida. Amma yadda fitowar 2024 ta zo daga kamfani, gasar Afirka ta Kudu kaɗai ake iya jagoranta a duk nahiyarmu. Na ce to a ba ni Manchester City. Yaron ya ce ai wannan ko Hajiya, mahaifiyata, aka ba wa za ta ɗauki kofi, gwani a ƙasa ake gane shi. Haka ya zaɓo min wata ƙungiya a rukuni na huɗu na Ingila, inda ƙungiyoyi 24 ke karawa, kowacce wasa 46 a kaka ban da na kofuna, biyun ƙarshe kuma a watso su ƙasa. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, garin da mutanensa ba su yi min komai ba.

Da aka zo cike takardar manaja, kwamfuta ta tambayi matsayin da na kai a taka leda, daga mai bugawa ranar Lahadi a unguwa har zuwa wanda ya buga wa ƙasarsa. Na zaɓi na ƙarshen. Na taɓa wakiltar ajinmu a gasar makaranta, kuma a lokacin yadda muka ɗauki abin ba shi da bambanci da wakiltar ƙasa.

Ranar farko mataimakin manaja ya aiko da saƙo cikin ladabi, yana tambaya ko in bar masa harkar atisaye. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, danna eh. Yawancin masu wasan nan haka suke yi da farko." Na dube shi na dubi allo. Abin da ya kawo ni ke nan, a ce in miƙa wa wani? Na danna a'a, na buɗe shafin atisaye.

Innalillahi. Abin da na gani ya tabbatar min da duk zargin da na shekara ina yi. Tun fitowar 2019 aka tsara shafin yadda kowace rana take da gurbi uku, wato gurbi 21 a mako, kuma an raba 'yan wasa gida uku, masu tsaron raga, 'yan baya da 'yan gaba. To a jadawalin da mataimakin nan ya shirya, kusan rabin guraben babu komai a ciki sai hutu. Washegarin wasa an rubuta murmurewa. Murmurewa daga me? Haihuwa suka yi? Akwai wani gurbi wai na ƙulla zumunci tsakanin 'yan wasa, akwai wani na ziyartar jama'ar gari. Wato a biya ƙato albashi, ranar Laraba ya tafi gaishe-gaishe. Na goge su duka. Na shiga ɓangaren motsa jiki na tarar da abubuwa uku da suka kwanta min a rai: juriya, ɗaga nauyi, da zafin nama. Safe juriya, rana ɗaga nauyi, yamma zafin nama. Washegari na juya su, don kada yara su ce abu ɗaya ake ta ba su. Atisayen bugun kwana da bugun tazara na cire, domin wanda bai iya buga kwana ba har ya kai shekara 25, ba ni zan koya masa ba. Atisayen dabarun wasa ma na cire. Dabara ai ranar wasa zan faɗa musu.

A ƙarƙashin kowace rana akwai ɗan layi mai nuna nauyin aikin. Na mataimaki gajeru ne. Nawa kuwa suka miƙe har ƙarshe suka yi jawur. Na ji daɗi ƙwarai, domin ja launin himma ne.

Ban tsaya nan ba. Akwai shafin da ake ba kowane ɗan wasa aikinsa na kansa, a zaɓa masa rabin ƙarfi, ko daidai, ko ninki biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa ninki biyu, na ƙara wa kowa darasi na musamman a kai. Akwai wani ɗan baya mai shekara 34, kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda na sa wa suna Dattijo, gudunsa 8 cikin 20. Na sa a koya masa buga gefe, don ya san cewa a ƙarƙashina tsufa ba uzuri ba ne. Akwai kuma wani dogon ɗan gaba da juriyarsa take 9, shi na kira Dogo, na yi alkawarin sai ta kai 20 kafin Kirsimeti. Da na gama, kwamfuta ta nemi in raɗa wa jadawalin suna don a adana. Na rubuta Ba Sani Ba Sabo, na kwafe shi na manna a kowane mako tun daga Yuli har Mayu.

Masu ba da labarina a unguwa suna son tsallake wannan ɓangaren, don haka zan faɗe shi da babbar murya: da farko abin ya yi aiki. A wasannin share fage mun lallasa ƙananan ƙungiyoyin ƙauye. Da aka buɗe gasa a Agusta muka ci wasan farko, muka yi canjaras a na biyu, muka ci na uku. Na haɗa musu da salon matsa lamba irin na Jurgen Klopp, wanda da an ƙwace muku ƙwallo kowa zai rufar wa mai ita a guje. Wani ɗan jarida ya tambaye ni sirrin nasarar. Cikin amsoshin da aka jero na zaɓi wadda ta fi kowacce girman kai, sannan na tashi na je wajen mai shayi na sa aka soya min ƙwai huɗu. Ɗan yayata ya ce wai ai dama a watan share fage kowa ma yana tsananta motsa jiki, gyaran shi ne a sassauta idan an fara gasa. Na ce masa mota ba a cire mata ƙafa daga totur a kan hawa.

A ƙungiyar akwai wani ma'aikaci da ake kira masanin kimiyyar wasanni. Aikinsa kullum ya aiko min da rahoto: wane yana cikin haɗarin rauni, wane nauyi ya yi masa yawa, wane a ba shi hutu. Tun ana sunaye uku har ya zama yana turo min sunayen ƙungiyar gaba ɗaya, da mai tsaron raga na uku wanda ko benci bai taɓa hawa ba. Mutum ba ya kawo labari sai na tsoro. Na sallame shi, aka biya shi kuɗin sallama daga asusun ƙungiya, rahotannin suka ja baya, hankalina ya kwanta.

Dogo ne ya fara faɗuwa. Tsokar bayan cinya. Na ce dama na san za a rina, a bar shi. Kafin ya tashi ɗan gefen dama ya bi shi da ciwon matsematsi, na hagu da sharaɓa. Wani ɗan tsakiya ya yi targaɗe a idon sawu. Wani kuma, abin kunya, ba a fili ma ya ji ciwon ba, bayansa ne ya riƙe yana ɗaga ƙarfe. Kowane saƙo na likita yana zuwa da zaɓi: a bar shi a hannun masu gashi na ƙungiya, ko a kai shi wajen ƙwararre a biya kuɗi, wani lokacin kuma a ce ana iya yi masa allura ya buga wasa na gaba, amma ciwon na iya ƙaruwa. Duk inda na ga allura na danna. Ciwon kuwa ya riƙa ƙaruwa, wanda ya nuna min cewa allurar tasu ma ba ta da kyau.

Sai ga Dattijo ya nemi ganawa da ni a madadin 'yan wasa. Wasan yana da tsarin da ke nuna wa ke da faɗa a ji a ɗakin canza kaya, wa ke bin wa, wa ke shiri da wa, kuma Dattijo shi ne a ƙololuwa. Ya ce yara suna kuka da nauyin atisaye. Na ce masa ni ne manaja. Ya ce bai gamsu ba. Na duba makin atisayensa na makon, wanda ake bayarwa cikin 10, na ga bai kai 6 ba, na kira shi na yi masa faɗa a kan haka. Kafin wayewar gari mutum goma sha wani abu sun goyi bayansa. A wasan da ya biyo baya aka tafi hutun rabin lokaci ana cin mu biyu ba ko ɗaya. A ɗakin canza kaya wasan yana ba ka damar nuna yatsa, ko zuba hannu a aljihu, ko jifa da gorar ruwa. Na yi jifa da gora. Aka rubuta min cewa yawancinsu sun karaya, ɗaya kuma ya daina saurare. Aka tashi huɗu ba ko ɗaya, uku daga ciki da bugun kwana.

A daren ne abin ya fita daga kwamfuta ya shigo gida. Ɗan yayata ya riga ya koma makaranta, na kira shi a waya ina tsakar gida, kuma ni idan raina ya ɓaci ba na iya magana a hankali.

"Yara bakwai a kwance! Mai tsaron gidan ma yatsa ya karye! Likita ya ce Dogo sai ya yi wata biyu, kuma ga Turawan nan sun sa ni a gaba!"

Ban san Hajiya tana bayana a kan dadduma ba. Ta sallame ta ce, "Kai, yaran wa suka kwanta?"

"Yarana ne na Ingila, Hajiya."

Ta yi shiru. Ta dubi ɗakin maiɗakina, ta rage murya. "Ita ta sani?"

Na yi ta bayani cewa 'yan ƙwallo ne, ni ne mai horar da su, a kwamfuta ake yi. Abin da Hajiya ta tsinta a cikin bayanin shi ne ɗanta ya samu aiki a Ingila, yana yi daga gida ta kwamfuta yadda 'yan zamani ke yi, kuma 'ya'yan mutane suna karyewa a hannunsa. Ta ce maza a nemi mai ɗorin nan na bayan kasuwa a ji ko yana aika magani waje, kafin nan a riƙa shafa musu man shanu da ɗumi. Ta kuma ce za ta sa a yi musu addu'a, in kawo sunayensu. Na rubuta mata bakwai. Kafin Juma'a na ƙara mata uku.

Labari a unguwarmu ba ya kwana. Da asuba a masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ashe abin arziki ya samu shi ne ba a faɗa musu ba. Mai shayi ya fara kirana Koci, ya kuma ƙara min kuɗin ƙwai. Wani maƙwabcinmu ya yi sallama da yamma da ɗansa, yaro riƙe da takalmin ƙwallo a leda, ya ce ga shi nan amana, lamba tara yake bugawa, ko gwaji ne a taimaka a kai shi. Na buɗe baki zan warware zancen, sai na tuna ba ni da ɗan gaba ko ɗaya mai lafiya. Wallahi sai da na tambayi yaron shekarunsa da ƙafar da yake bugu da ita kafin hankalina ya dawo.

Ɗan yayata ya zo ƙarshen mako musamman don ya yi min nasiha. Ya zauna ya buɗe shafukan da ban taɓa leƙawa ba. Ya nuna min cewa kowane atisaye, idan ka ɗora linzami a kansa, yana gaya maka abin da zai ƙara da abin da zai rage: gajiya, haɗarin rauni, kaifin wasa, jin daɗin 'yan wasa, fahimtar juna. Ya ce shi kansa wasan ranar Asabar aiki ne mafi nauyi a mako, don haka makon da ke da wasa biyu kusan babu abin da ake yi sai murmurewa da shirin wasa na gaba. Ya nuna min inda ake umartar kwamfuta ta rage wa ɗan wasa aiki da kanta idan alamar zuciyar da ke gaban sunansa ta fara raguwa. Ya ce wanda ya haura 30 gudunsa raguwa yake yi ko da za a kwana ana kora shi, matasa kuma da zarar sun wuce 18 buga wasa ne ke gina su fiye da atisaye. Ya nuna min kociyoyina, 'yan ƙalilan, kowanne na ɗora masa fanni uku ko huɗu har taurarin ingancinsu sun zube. Ya nuna min ma'aunin sabo da dabara, wanda ya tsaya cak tun Agusta. Wato yaran suna da labarin cewa akwai dabara, amma ba su taɓa haɗuwa da ita ba.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Ka san Felix Magath?"

Ai ni ma na yi bincikena. Magath Bajamushe ne da ya yi suna wajen gasa wa 'yan wasa aya a hannu, da gudu a daji da ɗaukar manyan ƙwallaye masu nauyi. Ya ɗauki gasar Jamus da kofin ƙasar a haɗe da Bayern Munich a 2005, ya maimaita a 2006. Ya koma Wolfsburg, ya sa aka gina tudu mai matakala a filin atisaye don yara su riƙa hawa da sauka, kuma a 2009 ya ba su gasar Jamus ta farko a tarihinsu. Na ce to wannan fa, hutu ne ya ba shi?

Yaron ya ce, "Kawu, ka karanta har ƙarshe kuwa? A 2014 ya je Fulham a Ingila, suka faɗo daga Firimiya, aka kore shi a Satumba. Kyaftin ɗinsa Brede Hangeland ma ya ba da labarin cewa da ya ji ciwo a cinya, cuku mutumin ya ce a ɗaura masa."

Hajiya da ke jin mu daga ƙofa ta ce, "To ka ji. Ni da na ce man shanu aka yi min dariya."

Don kada a ce ba na karɓar shawara, na yi sassauci. Na cire zafin nama na yammacin wata Alhamis na sa musu ƙulla zumuncin nan. A makon ne mura ta shiga ƙungiyar. Likita ya tambaya ko a tura na farkon gida don kada ya shafa wa sauran, na ce ya zauna a yi atisaye da shi, gumi maganin mura ne. Ta kama mutum huɗu. Duk watannin da na yi ina ba su wahala ba wanda ya yi ko atishawa, rana ɗaya da na bar su suka zauna kusa da juna ga abin da ya faru. Na mayar da zafin nama gurbinsa.

Disamba a Ingila ba a san tausayi ba. Wasa Asabar, wasa Talata, wasa ranar 26 ga wata washegarin Kirsimeti, wani kafin shekara ta ƙare, wani ranar 1 ga Janairu. Na kwaso yara 'yan ƙasa da shekara 18 na cika benci da su, na sa su a jadawalin manya, su ma suka fara bin yayyensu ɗakin likita. Waɗanda suka rage a tsaye kuwa, da an kai minti 60 sai ka gan su suna jan ƙafa a fili kamar masu azumi da la'asar sakaliya. Ina danna umarnin a matsa lamba, suna kallon ƙwallo tana wucewa. Dattijo, wanda har lokacin bai iya buga gefe ba kuma ya fara manta tsaron baya, ya nemi a sayar da shi. Juriyar Dogo, da na yi alkawarin kaiwa 20, ta sauka zuwa 8 saboda zaman jinya.

Sau ɗaya a watan Allah ya ba mu sa'a, muka ci wata ƙungiya uku da ɗaya a gidanta. Na miƙe ina murna har da rawa, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar da dama ya daɗe da mutuwa ya bi ta. Ban adana ba. Da aka kawo wuta na sake buga wasan, aka ci mu biyar. Wannan nasarar babu ita a kowane teburi, amma ni na gan ta da idona, kuma ina lissafa ta.

Masu ƙungiya suka kira ni taro. Suka ce muna na 23 cikin 24, magoya baya sun fusata, ɗakin canza kaya ya watse, me zan ce? Na zaɓi amsar da ke cewa raunuka ne suka yi mana yawa. Suka ce sun lura da hakan. Suka gindaya min makin da zan samo a wasanni biyar masu zuwa. Ban samo ba, kuma kafin Janairu ya ƙare saƙo ya iso cewa sun gode da hidimata.

Na faɗa wa maiɗakina an kore ni. Ta ce, "Alhamdulillahi, sai a koma lissafin shago." Hajiya kuwa abin ya taɓa ta. Ta ce dama Bature ba shi da amana, ka yi masa wahala dare da rana ya sallame ka ko sisi babu, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Bayan magariba maƙwabta suka fara shigowa jaje. Na shimfiɗa tabarma na karɓi gaisuwa, domin a gaskiya ina bukatarta. Mai ɗan lamba tara ya tambaya ko kafin in bar ofis na samu na miƙa sunan yaron.

Wasan ba ya ƙarewa don an kore ka. Kana nan a matsayin marar aiki, kwanaki suna tafiya, kana karanta labarin wasu. Mataimakin nan nawa aka ba riƙon ƙwarya. Jadawalinsa ai na san shi, hutu da murmurewa da gaishe-gaishe. Cikin 'yan makonni majinyata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya koma baya ya fasa tafiya. Dogo ya dawo yana ci a kusan kowane wasa. Suka yi ta hawa har suka kammala kaka a tsakiyar teburi, aka tabbatar wa mutumin da kujerar. Ɗan yayata ya turo min hoton teburin ba tare da ya rubuta komai ba. Na amsa masa da cewa duk mai hankali ya san ƙarfin da suke gudu da shi yanzu ni na zuba musu shi tun Yuli. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na nemi aiki a wurare da dama. Duk inda aka kira ni ganawa sai sun tambayi dalilin da ya sa 'yan wasa suka juya min baya a wurin aikina na baya, ina amsawa, ba sa sake kira. Daga ƙarshe wata ƙungiya a rukuni na shida ta ɗauke ni. Na sa hannu da sauri, na buɗe shafin atisaye, na ɗauko Ba Sani Ba Sabo zan manna. Ya ƙi mannuwa. Ashe 'yan wasan ba ƙwallo ce kaɗai sana'arsu ba, kowa yana da aikin da yake yi da rana, don haka 'yan gurabe kaɗan aka bar min a mako, sauran duk kwamfuta ta kulle su. Na kira ɗan yayata, ya ce ba a buɗewa sai ƙungiya ta zama ta ƙwararru, kuma daga muryarsa na ji kamar daɗi yake ji.

Ban yarda da shi ba. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san yadda ake buɗe guraben nan, don Allah ya taimaka ya sanar da ni kafin Asabar. Muna da wasa, kuma yaran nan duk lafiyarsu ƙalau, ba abin da suke yi.